Yadda Muka Lallaɓo Injin Niƙa Daga Bici

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu na wajen Kunci, mu uku da direba a a-kori-kura, za mu Bici ɗauko sabon injin niƙa. Tun da tsohon ya mutu, matan gari sai sun taka har ƙauyen gaba da hatsi a ka. Matata na cikinsu, don haka ban ga fuskar da zan dawo da ita hannu rabbana ba.

A Bici muka sha koko da ƙosai, aka ɗora inji, mota ta durƙusa. Ni maƙeri ne, idona ba ya wuce ƙarfe. Da na leƙa ƙasa sai ga 'yar tsaga siririya kamar gashi a sifirin na baya, ƙarfen da ke tallafe da nauyin mota. Na sa alli na yi alama a inda ta tsaya.

"Malam, wannan ta daɗe a nan," in ji direba. "Ba ta taɓa hana ni lodi ba."

Ban ja da shi ba. Hanyar ta ratsa gonaki, ƙauye na jikin ƙauye, kowanne sun tara tudun ƙasa a kan hanya don rage gudun motoci saboda yaransu. Direba ya hau na farko da gudu, muka ji gaf! Na sa ya tsaya. Tsagar ta wuce allin da faɗin farce, shi ma ya gani. Ƙarfe yana gajiya. Jijjigar yau da gobe tana cin sa kaɗan-kaɗan, amma bugu ɗaya na bazata yana yin ɓarnar da tafiyar watanni ba ta yi ba. In sifirin ya karye inji ne zai kife.

Daga nan kowane tudu sai mu sauka, mota ta haura tana rarrafe. Masu cirar gyaɗa suna ta tsokana: "Ita ta ɗauko ku ko ku kuka ɗauko ta?" Wata Inna mai fura ta wuce mu a ƙafa, ta yi mana sannu.

Da la'asar muka shiga gari, tsaga ba ta ƙara motsi ba. Aka sauke inji, mata suka rangaɗa guɗa, ta matata ta fi ta kowa. Daɗi ya cika ni.

Na koyi cewa ƙarfe ma lallaɓawa yake so. Direba kuwa murna ta ɗebe shi, ya fizgi mota babu kaya ya hau tudun bakin gari. Ƙwas! Sifirin ya karye. A gidana ya kwana, ya ci tuwon niƙan farko.