Ɗakin Dakta Ya Yi Shiru

Kujera ce farkon abin da ya haɗa ni da Dakta. Ban daɗe da rasa maigidana ba na samu aikin shara a sashensu na jami'a, ga gwiwoyina sun fara ba ni wahala. Wata rana ya tarar da ni a lungun bene ina kokawar miƙewa daga sujada. Washegari na iske kujerar roba a lungun, an ɗaure ta da tsohuwar waya a jikin ƙarfen bene don kada ɗalibai su ɗauke.

Siriri ne, mai gilashi, kullum cikin rigar sanyi ko da ana narkewa a waje. Ɗakinsa ne ya jawo haka. Ɗaki ne marar taga, mai sanyi kamar cikin firji. Akwatunan ƙarfe a tsaitsaye sun fi ni tsawo, kowanne cike da kwamfutoci, korayen fitilu suna ta ƙifta ido, ga wani gurnani da ba ya yankewa.

Na taɓa tambayarsa me suke yi haka. Ya ce a wata ƙasa mai nisa masana suna gwara waɗansu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, don su gane da me aka gina duniya. Lissafin da ke fitowa ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai a yayyanka shi a raba wa ɗakuna irin nasa a ƙasashe da yawa.

Na ce, "Kamar wanki in ya yi yawa a raba wa maƙwabta."

Ya yi dariya. "Haka ne, Inna. Sai dai waɗannan maƙwabtan ba sa gulma."

Abin da ya fi alfahari da shi wata ƙa'ida ce da ya rubuta wa na'urorin, kowa ya karɓa. Duk ɗakin da ya cika lalata aiki, na'ura da kanta za ta daina aika masa, ta kai wa wani. Ba sani ba sabo.

Sai injin sanyin ɗakinsa ya fara tari. Mai gyara ya zo har ya gaji da zuwa.

"Dakta, wannan ba gyara yake so ba, jana'iza yake so."

"Kai dai taɓa shi, Malam. Hannunka da albarka."

"Albarkar ta ƙare tun bara, ranka ya daɗe."

Shugaban sashe kuwa kullum amsarsa ɗaya, an kai maganar sama, a ƙara haƙuri. Dakta ya kwaso fankokin gidansa. Ina ji matarsa ta kira shi a waya tana cewa tunda ya kai wa ƙarafa fanka, sai ya dawo ya yi wa yara fifita. Fanka dai ba ta yi ba. Kwamfutocin su ɗau zafi, su mutu ana tsakar aiki.

Wata safiya na same shi ya zuba wa allon kwamfutarsa ido. Taswirar duniya ce, da ɗigo-ɗigo kore. Ya nuna mini guda da ya koma ruwan toka.

"Mu ne nan. An daina aiko mana."

"Ka kira su ka ba su haƙuri mana, ɗana."

"Wa zan kira, Inna? Ba mutum ne ya cire mu ba. Ƙa'idata ce."

"To ba kai ka rubuta ba? Ka sassauta."

Ya daɗe yana goge gilashinsa. "Zan iya. Amma in na buɗe, aikin wata yarinya da ke jiran digirinta a can wata ƙasa zai shigo nan ya lalace."

Ni tsintsiya ce a hannuna, me zan yi masa? Na sa shi cikin addu'a, na riƙa goge masa fankokin. Abin da na ga ya fi cinsa shi ne ba wanda ya nemi ba'asi. Sauran ɗigon suna nan kore, aiki bai tsaya ba ko kaɗan. Ya ce mini hakan na nufin ƙa'idar ta yi kyau. Da murmushi ya faɗa, amma shayinsa a wurin ya huce.

Da zafi ya tsananta, da hannunsa ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana kashewa, don kada su ƙone. Yanzu 'yan ajin farko yake koyarwa a ƙasan bene. Har yau bai cire rigar sanyin ba.

Ni kuwa kowace safiya ina buɗe ɗakin in share. Can baya, ranar da ya fara ba ni makulli, ya ce, "Inna, alfarma ɗaya nake nema. Duk ranar da kika shigo kika ji ɗakin nan ya yi shiru, ki ajiye tsintsiya ki kira ni, ko ina nake."