Ƙullutun da Inna ta Ɓoye Min

Ni ce 'yar farin mahaifiyata, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Dawakin Tofa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" nake a bakinta. In tana so in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Yau kuma ba mai tausayin randar nan?" A haka na girma, ban taɓa ganin laifinta ba, don kowace uwa a garinmu haka take kunyar ɗan farinta.

Na yi karatu har na zama mai bincike a kan garkuwar jiki. Aikina shi ne gano yadda ciwon daji yake ɓuya wa ƙwayoyin jinin da ke gadin jiki, da yadda za a tona masa asiri su gane shi su kashe shi. Na rubuta takardu da dama. Masana a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna kafa hujja da su, har akwai maganin da ake gwadawa wanda aka ɗora a kan abin da na gano. A gida kuwa sunana "likitar da ba ta allura". Ina dariya idan an faɗa, amma yana min ciwo.

Wata kaka na zo hutu, ana tsakiyar sussukar gero. Na lura Inna ba ta taɓa taɓarya, kuma ba ta rabuwa da mayafi ko da rana tsaka. Goggo, ƙanwar mahaifina, ita ta ja ni bayan rumbu ta gaya min: Inna na da ƙullutu a nono tun farkon damina. Ƙannena sun sani, matan maƙwabta sun sani. Wanzami ya yi mata ƙaho, wani mai magani a kasuwar Bici ya ba ta garin shafawa.

"Ni me ya hana a gaya min?" na ce.

"Ke 'yar fari? Ta buɗe miki ƙirjinta? Ta ce gara ta mutu."

Raina ya ɓaci, kuma da ɓacin ran na yi wauta. Na faɗa ɗakinta kai tsaye, na tsaya a kanta ina zuba bayani, har da Turanci. Inna ta juya fuska ga bango ta ce, "A ce wa waccan ta fita." Kwana biyu ko inuwata ba ta yarda ta gani ba.

Akwai taron masana da aka gayyace ni in yi jawabi a makon. Na aika musu cewa ba zan samu zuwa ba. Na ƙudurta ba zan bar garin ba sai da Inna a mota zuwa asibiti.

Sai na bi ta hanyarta. Kullum da hantsi in tana tsintar wake a tsakar gida, sai in zaunar da Goggo in yi ta mata bayani da ƙarfi, ba na ko kallon Inna. Na ce ciwon nan kamar ƙwaro ne a buhun wake, tun yana buhu ɗaya ake fitar da shi, kafin ya bi sauran. Ranar farko Inna ta tashi ta bar wurin. Ta uku ta zauna. Ta biyar ta fara mayar da martani, ita ma ta bakin Goggo, har Goggo ta ce mun mai da ita gidan waya.

Rannan Inna ta ce, idonta a kan faifai, "A tambayi waccan, maganin nan da ake cewa da hannunta a ciki, zai yi min?"

Na so in ce e. Da na faɗa, da ta tashi a take. Amma na ce wa Goggo, "Ki gaya mata ban sani ba. Bai ma iso nan ba tukuna, kuma ba kowane irin ciwon yake yi wa ba. Sai an duba, an ɗebi ɗan nama an gwada." Ban taɓa jin takarduna sun yi min ƙanƙanta kamar ranar ba.

Inna ta daɗe tana juya wake. Can ta ce, "Na Bici ya ce nasa na warkar da komai, ga shi har yau. Waccan ta ce ba ta sani ba sai an duba. A nemo mota."

Washegari muka shiga Kano mu uku. Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar jinya ta ce mutum ɗaya ne zai raka ta ɗakin likita. Goggo ta miƙe tana gyara gyale, ni kuma na koma na zauna, don na san matsayina. Sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Inna ce, tana kallon ƙasa.

"Ke," ta ce. "Taho ki gani da idonki, tunda ke kika san ciwon."