Ranar da Parfe Ya Kai Malam Garba Benin

Akwai wata Talata cikin watan Satumba da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin mulkin soja ne, iyakar Benin a rufe, ni kuwa ina kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, a wani biro, ofishin noman shinkafa, a nan Gaya.

Ga waɗanda ba sana'arsu ba: parfe na'ura ce da ke tsaye a ƙofar rezo, wato hanyar sadarwa, kamar mai gadi. Tsohon yayi yana tambayar baƙo daga ina yake kawai. Na zamani har buhunsa yake kwancewa, ya gane wace aplikasiyo ce ke magana da abin da ta ɗauko. Wannan binciken ne Yamai ta aiko umarni a kunna, kuma duk abin da ya shigo daga ƙasar waje a rubuta shi da ja. Na bi umarni. Ranar Litinin na kai rahoton mako teburin kapiten ɗin da aka ɗora a kanmu, ban ko karanta ba. Laifina ke nan.

Washegari ya kira ni. Na tarar da Malam Garba zaune a benci, hularsa a hannu, jandarma biyu tsaye a kansa. Dattijo ne, mai auna tsayin kogi a Tunuga. Kowace safiya yakan duba sandar awo, ya aiko da lambar awon ta tarhonsa.

"Injiniya," in ji kapiten, "na'urarka ta ce wannan tsoho daga Benin yake shiga rezonmu, kwana bakwai a jere. Me yake tsallakawa yi? Wa yake kai wa labari? Yau zai kwana a kurkukun Doso."

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Garba, "ni ko jirgin ruwa amai yake sa ni. Shekara talatin ina auna kogin nan, ban taɓa ba shi amanar jikina ba."

Na roƙi minti ashirin. Na buɗe bayanan binciken, na juya wa kapiten fuskar ordinatar. Aplikasiyo ɗaya ce, tamu ta awon ruwa, ƙarfe bakwai kowace safiya, kuma babu komai a cikinta sai tsayin kogi.

Kapiten ya ce, "Na ga abin da ya aika. Ban ga dalilin da ya sa daga Benin ya aika ba."

Gaskiyarsa ce. Sai na tuna abin da kowace mai sayar da kifi ta sani, ni mai takardar shaida na manta: a bakin kogi, tarho kan saki rezonmu ya kama na tsallake in ya fi ƙarfi. Iska ba ta san an rufe gadar iyaka ba.

"Mon kapiten, a ara mini mota da kai kanka."

Ya dube ni kamar zai haɗa ni da tsohon. Amma ya tashi.

Muka isa Tunuga kafin azahar, tare da Malam Garba da jandarman. Muka tsaya gindin sandar awo, takalman kapiten na nutsewa cikin laka. Minti biyar, babu abin da ya faru. Na fara lissafin wanda zai kai wa iyalina labari. Can tarho ya yi ƙara a aljihun kakinsa. Ya ciro, ya karanta, ya sake karantawa. Kamfanin tarho na yi masa barka da zuwa Benin, tare da fatan zai ji daɗin ziyararsa.

"Sannu da hanya, ranka ya daɗe," in ji Malam Garba. "Yaya mutanen Malanbil, can tsallaken gada?"

Jandarman nan suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Kapiten ya mayar da tarhon aljihu.

"Baba, je ka gida. Injiniya, kai kuma je ka gyara shirmenka."

Da la'asar na sake ƙa'idar: aplikasiyon awo ta wuce in da shaidar ma'aikacinmu, ko daga wane rezo ta fito, sauran kuwa a ci gaba da kwance musu buhu. Na rubuta wa Yamai dalili, kapiten ya sa hannu.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, na'ura takan faɗi abin da ta gani, ba ta san garin da aka ajiye ta ba. Wannan aikinka ne. Tun ranar, duk layin da ya fito da ja, sai na nemi mai sunan na ji daga bakinsa kafin takarda ta hau teburin kowa.