Kawun da Ya Ƙi Tarwaɗar Kaka

A gidan kakarmu a Zuru, da an sauke tukunyar tuwo sai mu kewaye murhu, ta zuba mana tatsuniya. Shekarar da Kawu Dauda, ɗanta na fari, ya bar soja ya dawo gida, hirar nan ta koma fagen faɗa.

Ya dawo da wata sabuwar koyarwa daga kudu. Wai Kirista na gaske ba ya cin abin da aka hana Yahudawa: alade, zomo, har tarwaɗa, don ba ta da ɓawo. Kaka kuwa miyar tarwaɗa ce abin alfaharinta. Da ta zuba masa, ya ture kwanon da ƙafa, mu yara muna kallo.

Ran nan Kaka ta juya masa baya, ta ba mu labarin wata uwa mai ɗa marar lafiya. Ta hana shi gishiri da nama har mai magani ya iso. Mai magani ya zo, yaro ya warke, aka ce ya ci abin da ya ga dama. Sai ɗan maƙwabta, wanda ko ciwon kai bai taɓa yi ba, ya ɗauki dokar ya ɗora wa kansa, yana kiran 'yan'uwansa ƙazamai.

"Dokar ta Yahudawa ta, kuma ta wani lokaci ta," in ji Kaka, tana tura itace cikin wuta. "Almasihu ya zo ya gama ta. Kai da ubanka yat tashe ka da naman burgu, yaushe kaz zama Bayahude?"

"Inna, za ki amsa gaban Allah," Kawu ya ce, ya tashi ya shige ɗaki.

Da na girma na ji fastoci suna bayanin nan da Turanci mai tsawo, ba wanda ya kai Kaka iya faɗinsa. Amma na gane ba muhawara take son ci ba, so take ɗanta ya ci daga hannunta. Ana kusa da rasuwarta ta rarrafa ta yi masa miyar kuka zalla, ba kifi ba nama. Ya tsaya a kanta yana tambaya ko an taɓa dafa tarwaɗa a tukunyar.

An taɓa. Kaka ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa masa. Ya fita bai ci miyar ba. Har yau ina gaishe shi, amma ban yafe masa ba.