Hannun da Colby Ya Ƙarar Ranar Juma'a

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a wannan gari na gindin duwatsun Kentucky a Amurka ya san Orville Tackett. Mai faci ne, ga ƙarancin magana. Matarsa Rhonda kan ce da bakinsa taya ne, da iska ba ta taɓa fita ba.

Abu guda ke sa shi motsi: hannun ɗansa Colby, mai jifa a ƙungiyar besbol ta sakandare, wasan nan da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Tun yaron yana ƙarami Orville ke tsugunawa bayan shago yana cafke masa ƙwallo, har tafinsa ya yi kanta. Yanzu Colby na ajin ƙarshe. In kocin wata jami'a ya ga jifansa ya yaba, karatu ya samu. In ba haka ba, shagon faci na nan yana jira.

To, kocin jami'a ba ya taka ƙauye irin nasu. Kai za ka kai masa kanka a sansanin gwaji, kuma na ƙarshen da ya rage ya faɗo ranar Asabar. Ana gobe kuwa, Juma'a, ake wasan shekara da garin tsallaken kogi. Tun zamanin kakanni, wanda ya fi kowa hannu shi ke jefa wasan nan, daga farko har ƙarshe.

"Baban Colby, ka hana shi," in ji Rhonda. "Hannu ba inji ba ne."

Amma tsoho Merle, mai zaman kashe wando a bakin shago, ya riga ya ji labari.

"Au, ɗan naka ya zama ɗan jami'a tun ba a kira shi ba? A naɗe masa hannun a auduga mana, kada ƙuda ya sauka!"

Mazauna benci suka kwashe da dariya. Orville bai ɗago daga tayar da yake dubawa ba.

"Zai jefa," ya ce.

Ya kuwa jefa. Suka ci, aka ɗauki Colby a kafaɗa har bakin titi.

Asabar da sassafe suka kama hanya, yaron da ƙullin ƙanƙara a kafaɗa. Filin jami'ar cike da samari, kowa da lamba a baya, kowa 'yan jifa kaɗan ake ba shi. Koci na bayan raga riƙe da na'urar auna gudun ƙwallo, yana tofar da ɓawon 'ya'yan itace.

Tun jifan farko Orville ya ji daga inda yake zaune. Ya san ƙarar da ƙwallon ɗansa ke yi in ta faɗa safar hannun mai cafka. Wannan ba ita ba ce. Koci ya dubi na'ura, ya juya yana hira da mataimakinsa.

"Yallaɓai," in ji Colby da ya gama, "jiya na jefa wasa cikakke, shi ya sa."

"Jiya? Wa ya bar ka?"

Colby bai waiga wajen ubansa ba. "Mun ci, yallaɓai."

"Barka. Na gaba!"

A hanyar dawowa suka tsaya cin burodi da nama. Colby ya miƙa hannun dama zai ɗauki kofi, hannun ya tsaya a rabi, sai ya ɗauka da hagu. Orville na kallo. Ya laluba cikinsa ko zai ji haushi ko kunya, bai tarar da komai ba.

Wayar Orville ta hau ruri a kan tebur.

"Baba, Mama ce fa."

"Na gani."

Suka zauna suna kallon wayar har ta yi shiru.