Hoton Baba da Ba Shi da Fuska

Shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki, wani mai ɗaukar hoto ya riƙa ƙetarowa daga Dahome yana cin kasuwar Lolo. Ni ba mai son fita ba ce, amma ni na matsa wa Baba har ya yarda muka je. Ya tsufa, tari ya kama shi tun girbin shinkafa, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. So nake in riƙe fuskarsa a ɗakina, shi ke nan.

Akwatin katako ne babba a kan ƙafa uku, da baƙin mayafi. Daga idon akwatin wani siririn tiyo ya sauko, a ƙarshensa ƙwallon roba kamar ƙwan agwagwa. Mutumin ya yi mana bayani da Hausarsa mai gardin Dendi: in ya matsa ƙwallon, iska ta bi tiyo ta buɗe idon, kuma idon ba ya rufewa sai ya saki. Ranar akwai hadari, haske ya yi kaɗan, don haka zai daɗe yana riƙe. Gilashin da hoto ke fitowa a kai kuwa ɗaya ya rage masa.

"Tsoho, ko ƙuda ya sauka ma hanci, kak ka motsa."

Baba ya gyara babbar rigarsa, ya aza hannuwa bisa gwiwa. Na ji ƙwallon ya ce fuf.

Sai ga taubashin Baba. Ɗan ƙanwar kakana ne, tun suna yara suke tsokanar juna, kuma yana nan tsaye ya ji bayanin nan kaf. Ya matso ta gefe, ya buɗe murya: "Salamu alaikum, bawana!"

Ku faɗa mini, wane dattijo ne a ƙasarmu za a yi wa sallama ya yi shiru? Taubashin ya san haka sarai, shi ya sa ya yi. Baba ya juya kai.

"Wa alaikumus salam. Kai, ɗan nema, wa ab bawanka?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Mai hoto ya saki ƙwallon ya riƙe kai.

Na ce, "Baffa, mi munka yi maka?"

"Ke ɗiyata, wasa na. Wannan mummunan, wa ka son hoto nai? A sake wani sati."

Wani sati mai hoto ya zo da hoton, amma Baba yana kwance, ko ƙofar gida ba ya kaiwa. Na roƙi mutumin ya biyo ni, ya ce ruwa ya cinye hanya, akwatinsa ba ya shiga kwalekwale. Kafin ruwa ya janye mun rufe Baba.

Hoton yana nan. Aikin wuyan riga ya fito zare-zare, har tabon ƙugiya a babban yatsansa ana gani. Wurin fuska kuwa hayaƙi ne fari. Jikokina suna tambayata yaya kamanninsa suke, ni kaina yanzu sai na runtse ido ina lalube.

Ranar sadakar bakwai Baffa ya shigo yana kuka, ya ce in nuna masa hoton ɗan'uwansa. Mata suna ta ƙifta mini ido in yi haƙuri. Na ɗauko na aza masa a cinya, na ce, "Ga shi nan, Baffa. Yana amsa maka sallama." Na koma ɗaki na bar shi da shi.