Jarkar Man Jirgi da Na Rungumo Daga Maigatari

Gumel

Ranar Alhamis, shida saura kwata, na fito bayan sallar asuba. Inna ce ta aike ni kasuwar Maigatari in sayi kananzir in kai wa Goggo Hajara a Sule Tankarkar. Ƙirjinta ya daina ɗaukar hayaƙin itace, a risho take girki.

Maigatari

Ƙarfe bakwai muka sauka, na karya da koko da ƙosai. Kananzir ya yi wuya, ina cikin yawo wani mai jarkoki ya yafito ni.

"'Yar makaranta, ga kananzir na jirgin sama! Ragowar na jirgin feshin tsuntsaye ne."

Na leƙa, shuɗi-shuɗi ne. Na tuna malaminmu na kimiyya ya ce jirage tataccen kananzir suke sha. Na ce a cika min jarka, har da yi wa mutumin ƙarin bayani, yana ta "Allah ya ƙara ilimi."

A hanya

A mota na rungume jarkar a cinya. A shinge jami'i ya tambayi abin da ke ciki, na ce man jirgi.

"To Hajiya matuƙiya, a sauka lafiya."

Direba ya ce, "Ɗan tsiyaya mana, mu tashi mu huta da ramukan nan."

Wani dattijo ya ce shi warin fetur yake ji. Na ce, "Baba, haka na jirgi yake."

Sule Tankarkar

Sha ɗaya da rabi na isa. Har na buɗe tankin risho, Goggo ta riƙe hannuna.

"Tsaya, 'yar nan. Ko daga Makka aka kawo, sai na gwada."

Ta tsoma takarda, ta kai tsakar gida ta ajiye a ƙasa, ta ƙyasta ashana. Kananzir a hankali yake kamawa. Wannan kuwa, ashanar ba ta ma taɓa takardar ba, sai fuuu!

Mijinta, Kawu Sale, tsohon direban tanka ne. Ya ce manyan jirage ne ke shan kananzir, irin wannan shuɗin kuwa fetur ne na ƙananan jirage, har ya fi na mota ƙarfi.

"Malaminku bai yi ƙarya ba, ke kika fito da rabin karatu."

Ran nan da itace Goggo ta yi tuwo, tana tari tana dariya.

Gida

Da la'asar na iso Gumel. Na gode wa Allah da ya tsare, na gode wa Goggo. Alhamis mai zuwa, Inna ta ce da kanta za ta je.